Kalmomi uku a darasin majalisar dokoki na kwaleji

1. Gabatarwa

A kwalejojin Nijar da Faransanci ake koyar da tsarin hukumomin ƙasa, amma ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da Hausa yake juya abin da ya ji. A nan za mu duba kalmomi uku da malami ke faɗawa cikinsu idan ya koma Hausa don ƙarin bayani. Kowace tana ɗauke da wata tsohuwar ma'ana mai iya karkatar da darasin.

2. Majalisa

Kalmar aro ce daga Larabci, majlis, wato wurin zama. Majalisar da yaro ya sani ita ce ta fada, inda a ganinsa manya ke ba da shawara, sarki ya yanke. Idan aka bar shi da wannan hoto, zai ɗauka Assemblée nationale fadawan shugaban ƙasa ce. Misalai biyu sun isa su gyara wannan. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisa ta jefa ƙuri'ar rashin amincewa, gwamnatin Hama Amadu ta faɗi. A Mayu 2009 kuma shugaba Tanja Mamadu ya rusa majalisa. Ke nan kowane ɓangare yana da abin da yake riƙe ɗaya da shi.

3. Doka

Faransanci ya bambanta loi da décret da arrêté. Hausar yau da kullum duk "doka" take ce musu. Haɗarin shi ne ɗalibi ya kasa gane abin da majalisa kaɗai ke yi. Muna ba da shawarar a keɓe "doka" ga loi, a ce "umurnin shugaban ƙasa" ga décret, "umurnin minista" ko "na gwamna" ga arrêté. Sai a nuna cewa kafin juyin mulkin 2023 kasafin kuɗin ƙasa doka ne: a lokacin ba a aza haraji sai majalisa ta amince.

4. Wakili

A Hausa wakili ɗan aike ne, wanda ya aiko shi yana iya janye shi. Depite ba haka yake ba. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya ɗauke shi wakilin al'umma baki ɗaya, ya kuma hana a ɗaure shi da umurnin waɗanda suka zaɓe shi. Yawan kujeru ya tashi daga 83 a 1993 zuwa 113 a 2004, sannan 171 a 2016, amma wannan ƙa'ida ba ta sake ba.

5. Kammalawa

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da wancan kundi, ya rufe majalisar. Don haka wajibi ne malami ya ba da misalan nan da shekarunsu, a matsayin tarihi. Wannan bai rage wa darasin nauyi ba: ƴan ajin yau su ne wata rana za a nemi ƙuri'arsu, kuma da waɗannan kalmomi za a nema.