AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wa Ya Kawo Rawa Da Waƙa Cikin Finafinan Hausa?

A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu ne wuri guda, domin a kan abu ɗaya suke magana, ko da yake ra'ayinsu ya sha bamban.

Ta farko daga wani manomi take a ƙasar Ɗambatta. Malamin ya koka cewa 'ya'yansa ba su da aiki da dare sai kallon finafinan Hausa a waya, shi kuwa ba ya ganin komai a ciki sai rawa da waƙa. Yana tambaya wa ya kawo mana wannan abu, kuma ko ya hana su kallon gaba ɗaya. Ta biyu kuwa wata 'yar kasuwa ce daga Maraɗi, wadda ta ce ita dai fim in babu waƙa kamar tuwo ne babu miya, don haka a daina tsangwamar 'yan wasa.

To Malam da Hajiya, mun gode. Bari mu koma baya kaɗan, don a gane inda aka faro.

Wannan jayayya ta girmi yawancinmu. Tun a 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, tun lokacin kuma dattawa suke kallon gidan silima a matsayin matattarar 'yan iska. Da gobara ta tashi a silimar El Duniya a 1951, ta hallaka mutum fiye da 300, mutane da yawa cewa suka yi ishara ce daga Allah.

A shekarun 1950 ne Kwarori 'yan ƙasar Labanan, waɗanda su ne masu gidajen silima, suka fara shigo da finafinan Indiya. Ba su ji yaren ba, amma iyayenmu suka rungume su fiye da na Amurka. Dalili kuwa shi ne sun ga rayuwarsu a ciki: auren dole, biyayya ga iyaye, mace cikin sutura da kunya, da talaka a hannun mai kuɗi. Dubi fim ɗin Mother India na 1957. Labarin wata mata ce manomiya da mai ba da bashi da ruwa ya cinye wa gona da amfaninta. Wane manomi ne zai ce sai an fassara masa wannan? Son ya kai har aka raɗa wa 'yan wasan sunaye na Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Yaran da suka tashi da wannan kallo su ne suka fara yin finafinan Hausa na bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a 1990. Kafin nan wasannin da muka sani a talabijin, irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ban dariya ne da jan kunne, babu ruwansu da rawar saurayi da budurwa. Amma wajen shekarar 2000, da fim ɗin Sangaya ya fito, waƙarsa ta cika gari, kaset ya yi ta tafiya kamar ana rabon zakka. Daga nan dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka gane abin da mai saye yake so, masu shirya fim kuma suka bi.

A nan Hajiya tana da gaskiyarta. Waƙa a tsakiyar labari ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kakanninmu sun yi mana tatsuniya da waƙa a ciki, 'yan mata kuma sun yi gaɗa a dandali. Shi ma Malam yana da tasa gaskiyar, domin namiji da mace su riƙa zagaya juna suna rausaya a cikin furanni, wannan kam daga Indiya aka aro shi.

Hukuma ta sha sa hannu. A watan Disamba na 2000, bayan ƙaddamar da Shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2016 kuma Gwamnatin Tarayya ta janye shirinta na gina ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, saboda malamai da jama'a sun ce ba su yarda ba. Duk da haka kallo bai ragu ba.

Ga abin da muke so ku riƙe. Mai shirya fim ɗan kasuwa ne kamarku. Kai Malam, in ka ga riɗi ya yi daraja a Dawanau, baɗi riɗi za ka ƙara wa fili, ko ba haka ba? To shi ma abin da ya ga ana saye shi yake shukawa. Yanzu da kaset da faifai suka kau, lissafin ya ma fi sauƙi: duk fim ɗin da aka buɗe a YouTube ana ƙidaya masu kallonsa, kuɗin talla kuma gwargwadon yawansu yake zuwa. Wato kowane kallo ƙuri'a ce ka jefa. Shaida kuwa ita ce, bayan buɗe tashar Arewa24 a 2014, shirin Daɗin Kowa ya samu karɓuwa a birni da ƙauye ba tare da ya jingina da rawa ba, sai labarin zaman gida da na unguwa. Da aka ga jama'a na son dogon labari, sai masu fim suka karkata can.

Saboda haka Malam, shawararmu ita ce kada ka yi hani na gaba ɗaya. In ka ƙwace wayar gidanka, ta maƙwabci tana nan, kuma can ba ka ganin abin da ake kallo. Ka san shagon da ake tura musu finafinai ranar kasuwa, ka tambayi abin da aka tura. Wani dare ka zauna ku kalla tare, in an zo wurin da bai dace ba ka faɗi dalilinka. Wanda kuka ga yana da amfani, ku nemi ci gabansa.

Ke kuma Hajiya, ki ji waƙarki, amma ki duba wa ke zaune kusa da ke kafin ki kunna.

Masu sauraro, muna jiran ra'ayoyinku a kan wannan batu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.