Fitilar Lantarki Wadda Ba Ta da Zare a Cikinta

Hakimai da malamansu sun san wahalar da a kan sha da fitilun kan titi da na kasuwa da na tashar mota. Ƙwan fitila ba shi da tsada ƙwarai, amma in ya mutu a bisa dogon turke sai an nemo tsani da ma'aikata, kafin nan kuwa unguwa ta yi makonni cikin duhu. Don haka aka ga ya kyautu a bayyana wata irin fitila da masana suka ƙago domin maganin wannan, yadda in ɗan kwangila ya zo da ita za a san abin da za a tambaye shi.

Da fari sai a gane abin da ke kashe fitila. Ƙwai irin na dā yana da siririn zaren ƙarfe wanda wuta ke gasawa har ya yi haske, kullum yana ƙara sirancewa, bayan sa'a kamar 1,000 ya tsinke. Doguwar farar fitila kuwa tana da ƙarfe a bakunanta biyu, ta nan wuta ke shiga. Kowace kunnawa tana ɗan cin ƙarfen, shi ne baƙin nan da a kan gani a bakinta in ta tsufa. Sai masana suka ce, to, me zai hana a rufe gilashin ruf, kada waya ko ɗaya ta shiga, a aika da ƙarfin daga waje?

Dabarar tsohuwa ce. A 1891 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka fitilu suna ci ba waya jikinsu. Amma sai da aka yi shekara ɗari kafin abin ya zama na kasuwa, domin injin da zai ba su wuta babba ne, ga tsada. Kamfanin Philips na Holan ya fitar da tasa mai suna QL a 1991, General Electric ya biyo da Genura a 1994, sa'an nan Osram na Jamus ya kawo Endura.

Ga yadda take aiki. Wutar da ke zuwa gidajenmu tana kai da komowa sau 50 cikin sakan guda. Akwai ɗan akwati a gindin fitilar wanda ke mayar da ita mai kai da komowa sau 2,650,000 cikin sakan, in ta Philips ce. Wannan wuta tana bi ta cikin waya da aka naɗe a jikin sandar maganaɗisu, ƙarfin maganaɗisun ya ratsa gilashi ya motsa iskar da aka kulle ciki tare da tururin zaiba. Watau kamar taransifoma ce, sai dai iskar nan ita ce naɗi na biyu. Zaiba ta ba da wani haske wanda ido ba ya gani, farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi ya juya shi ya zama farin haske.

Faɗi da sauƙi, ƙira da wuya. Mai ƙira zai fara zaɓen saurin wutar. In ya yi saurin da yawa, naɗin zai zama ƙarami, amma akwatin zai yi wuyar haɗawa, kuma yana iya damun rediyon maƙwabta. In ya rage, kamar Osram da ya tsaya wajen sau 250,000, sai a bukaci manyan zobba biyu na maganaɗisu a kewaye bututun daga waje, fitilar ta yi girma da nauyi. Philips ya cusa sandar cikin wani rami a tsakiyar ƙwan, ta yi kama da ƙwan da aka saba. Amma fa nan ne zafi ya fi yawa, maganaɗisu kuwa in ya yi zafi ainun ƙarfinsa gushewa ya kan yi. Don haka aka sa sandar ƙarfe a cikinsa mai jan zafin zuwa gindi. Tururin zaiba ma sai an daidaita shi, gama in ya yi yawa ko ya yi kaɗan haske ya kan ragu. A kan gauraya zaibar da wasu ƙarafa don su riƙe ta daidai, ko da hunturu ko da bazara.

Akwai wata kuma da aka ƙago a Amurka wajen 1990, ɗan ƙwallon gilashi ne mai farar wuta a ciki, ba zaiba. Injin da ke cikin tandun lantarkin nan mai ɗumama abinci, irinsa ke hura ta, sau 2,450,000,000 cikin sakan. An kafa ta a gidan tarihin jiragen sama na birnin Washington a 1994, haskenta kamar rana. Amma dole ƙwallon ya riƙa juyawa ana yi masa fifita, injin kuma ba ya daɗewa, saboda haka ba ta yaɗu ba.

Philips ya ƙayyade wa tasa sa'a 60,000. In ana kunna ta sa'a 12 kowane dare, shekara 13 ke nan da ɗoriya. Lalle a lura, ƙwan ba shi ne ya kan fara mutuwa ba, akwatin ne, musamman inda wuta ke hawa da sauka ko inda rana ke dukansa. Ɗan kwangilar da ya ambaci shekarun ƙwai, a tambaye shi shekara nawa ya lamunce wa akwatin, kuma ina za a sami wani in ya ƙone.

Yau dai fitilar LED ta rinjaye ta a kasuwa, don ta fi ta ƙarancin cin wuta, ta fi dacewa da faifan hasken rana, kuma ba zaiba cikinta. Zaiba guba ce, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita. In za a yi sabon aiki, LED ta fi cancanta. Inda kuwa aka riga aka kafa marasa zaren, a bar su su ci gaba da aiki. In ɗaya ta fashe a kori yara daga wurin, a buɗe tagogi in cikin ɗaki ne, a kwashe tarkacen da kwali a rufe cikin gwangwani, kada a zuba a bola ko kusa da rijiya, sa'an nan a sanar da ma'aikatan tsabta na ƙaramar hukuma.