Sallamar Tsohon Ɗan Wasa a Besbol: Me Ya Rasa, Me Ya Tsira da Shi?

Ranar 6 ga Mayu, 2021, ƙungiyar besbol ta Los Angeles Angels da ke Amurka ta sanar da cewa ta raba gari da Albert Pujols, wanda ya shiga shekararsa ta goma yana buga mata wasa. Shekarunsa 41 a lokacin, kuma a tarihin wasan gaba ɗaya mutum huɗu ne kawai suka fi shi yawan bugun da ke tsallake katanga. Da zarar irin wannan labari ya fito, hukuncin da masu sharhi a soshiyal midiya ke yankewa ɗaya ne: an ci moriyar ganga an yar da kwaurenta, an kori tsoho a wulaƙance, an bar shi ba ko sisi. Wasu har su ƙara da cewa ƙungiyar ta yi haka ne don ta tsira da sauran kuɗin da yake bin ta. Wannan magana ba ta da tushe, kuma abin haushi shi ne masu yaɗa ta sun fi kowa ɗaga murya alhali ba su taɓa tambayar yadda kwantiragin besbol yake ba.

Besbol wasa ne na jifa da bugu. Ɗan wasan wannan ɓangare ya jefo ƙwallo, na wancan ɓangaren ya buge ta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tasha huɗu don ya ci maki. Idan ƙwallon ta tsallake katangar fili, mai bugun ya zagaya abinsa ba mai tare shi. Babbar gasar, wato MLB, tana da ƙungiya 30, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda.

An haifi Pujols a Santo Domingo ta Jamhuriyar Dominika a 1980. Daga 2001 zuwa 2011 ya buga wa St. Louis Cardinals, ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa sau uku, a 2005 da 2008 da 2009, ya ɗauki kofin World Series sau biyu, ya kuma tsallakar da ƙwallo 445. A Disamba 2011 Angels ta ba shi kwantiragin shekara goma a kan dala miliyan 240, ya tattara ya koma. A wancan karon shi ne magoya bayan St. Louis suka kira butulu, abin da masu kukan 2021 suka manta.

Matakin da Angels ta ɗauka a kansa shi ne wanda jaridun Amurka ke taƙaitawa da DFA. Kowace ƙungiya tana da jerin mutum 40 da ta yi wa rajista, 26 daga cikinsu ne ke da damar shiga fili a kowace rana. Idan ta cire ɗan wasa daga wannan jeri, tana da kwana bakwai ta yi musayarsa da wata ƙungiya ko ta tallata shi ga sauran. Duk ƙungiyar da ta karɓe shi a wannan talla, ta ɗauki nauyin ragowar albashinsa. Idan ba wadda ta taya, sai a sallame shi ya nemi inda yake so. Matashi ana iya mayar da shi ƙaramar gasa, amma wanda ya cika shekara biyar a babbar gasa yana da haƙƙin ya ce bai yarda ba, kuma kuɗinsa ba sa taɓuwa.

Maganar kuɗin nan ita ce inda jita-jitar ta fi ɓata. Kwantiragin da manyan 'yan wasa irin Pujols ke sa wa hannu yana da lamuni: ko ɗan wasa ya yi ƙoƙari ko bai yi ba, ko ya ji rauni, ko an zaunar da shi a benci, ko an sallame shi, sai an biya shi abin da aka rubuta har ƙarshe. Albashin Pujols na 2021 dala miliyan 30 ne, mafi tsoka a duk shekarun kwantiragin, domin an tsara shi ne ya fara daga miliyan 12 a 2012 ya riƙa hawa. Ba ƙungiyar da ta yarda ta ɗauki wannan nauyi, don haka bayan mako guda aka sallame shi, Angels kuma ta ci gaba da biya. Da ya sa hannu da Los Angeles Dodgers a tsakiyar watan, Dodgers mafi ƙarancin albashi kawai ta biya, wanda a shekarar dala 570,500 ne, shi ma an lissafa iya kwanakin da suka rage a kakar. Wannan ɗan abin ne kaɗai ya ragu daga wuyan Angels. Wato ƙungiyar ta riƙa biyan mutum miliyoyi yana buga wa maƙwabciyarta wasa. Duk wanda ya ce an yi sallamar don a tsira da kuɗi, lissafi ya ƙaryata shi.

Misalin da ya fi wannan fito da lamarin fili shi ne na Bobby Bonilla. New York Mets ta sallame shi a farkon 2000 yana bin ta dala miliyan 5.9. Aka daidaita a kan a jinkirta biyan, a ɗora riba. Sakamakon haka, daga 2011 zuwa 2035, duk ranar 1 ga Yuli Mets na tura masa kusan dala miliyan 1.2, mutumin da ya ajiye wasa tun 2001. Hanyar da ɗan wasa ke rasa albashi ita ce dakatarwa saboda laifi, kamar yadda Robinson Canó ya yi asarar dala miliyan 24 a 2021 bayan an kama shi da shan haramtaccen maganin ƙara kuzari. Tsufa ba ya cikin laifuffukan.

Wannan kariya ba kyautar masu ƙungiyoyi ba ce. Kusan ƙarni guda akwai wani sharaɗi a kwantiragin besbol da ya ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa muddin tana son sa: ta sayar da shi ko ta sallame shi, shi ba shi da ta cewa. A 1969 Cardinals ta yi musayar Curt Flood zuwa Philadelphia Phillies bayan shekara 12 yana mata wasa, ya ƙi tafiya, ya kai ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba shi rashin gaskiya a 1972. Shari'ar ta cinye masa sana'arsa, amma ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, ƙarƙashin Marvin Miller, ta ɗora daga inda ya tsaya. A 1975 wani mai sasanci, Peter Seitz, ya yanke hukuncin da ya karya sharaɗin, a 1976 kuma aka amince cewa wanda ya cika shekara shida yana iya zaɓar inda zai tafi idan kwantiraginsa ya ƙare. A wannan fafutuka ne aka samu dokar da ta ce wanda ya yi shekara goma a gasar, biyar na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba a musayarsa sai da yardarsa.

Abin da Angels take nema gurbi ne. Pujols na Angels ba na St. Louis ba ne. A can, cikin kowace dama goma ta bugu yana dacewa da fiye da uku, wanda shi ne ma'aunin gwani. A wasa 24 da ya buga a 2021 bai kai biyu cikin goma ba. Ciwon tafin ƙafa da na gwiwa sun rage masa gudu tun da jimawa. Wurare biyu ne kawai yake iya tsayawa: tasha ta farko, inda matashi Jared Walsh ke tashe, da gurbin mai bugu zalla wanda ba ya tsaron fili, inda Shohei Ohtani yake, wanda shi ne ya zama gwarzon ɗan wasa a ƙarshen kakar. Shugabannin ƙungiyar sun bayyana cewa Pujols na son buga wasa kullum, su kuma ba su da wurin ba shi. Akwai wasu dalilan da kan sa a rabu da tsohon ɗan wasa, kamar rauni mai tsanani, saɓani da koci, ko shirin gina sabuwar ƙungiya da matasa.

Inda masu ƙorafi ke da hujja shi ne salon rabuwar. An yi ta ne kwatsam a tsakiyar mako, wata guda da fara kaka, ba wasan ban kwana, ba damar ɗaga wa 'yan kallo hannu. Tsofaffin 'yan wasa 'yan ƙasarsa, Pedro Martínez da David Ortiz, sun fito fili sun nuna rashin jin daɗinsu. Seattle Mariners ta nuna ana iya yin abin da ya fi haka, domin a Maris 2019 ta bar Ichiro Suzuki ya buga wasansa na ƙarshe a Tokyo, gaban mutanen ƙasarsa, aka fitar da shi daga fili ana tafi. Rashin karamci laifi ne da ya cancanci a faɗe shi, amma a faɗe shi da sunansa, kada a mayar da shi zaluncin kuɗi.

Sallamar ma ba ta kashe masa kasuwa ba. Dodgers ta riƙa sa shi idan mai jifan abokan hamayya bahago ne, ya tsallakar da ƙwallo 12. A 2022 ya koma Cardinals a kan dala miliyan 2.5, shekarar da aka shigo da gurbin mai bugu zalla a rukunin da take ciki, abin da ya yi masa daidai. Ranar 23 ga Satumba, 2022, a filin Dodgers, ya tsallakar da ƙwallo ta 699 da ta 700 a dare ɗaya, ya zama na huɗu da ya kai wannan adadi bayan Babe Ruth da Hank Aaron da Barry Bonds. Ya ajiye wasa da 703. Kwantiraginsa na 2011 kuma ya ƙunshi aikin shekara goma da Angels bayan ritaya, a kan dala miliyan guda duk shekara.

Mai karanta irin wannan labari ya kamata ya fara tantance wace irin rabuwa ce kafin ya danna turawa. Ƙarewar kwantiragi daban, musaya daban, sallama daban, ritaya daban. Joey Votto ya yi kaka 17 da Cincinnati Reds. A Nuwamba 2023 ƙungiyar ta ƙi ɗaukar zaɓin ƙarin shekara guda na dala miliyan 20, ta biya shi miliyan 7 da aka rubuta tun farko a matsayin kuɗin rabuwa. Wannan ba kora ba ce, ko da kanun labari ya kira ta haka. Sai ya duba shekara nawa suka rage, wa zai biya, kuma wa ke jiran gurbin. Kada ya ɗauki dokar wani wasa ya aza wa wani: a ƙwallon Amurka ta NFL, kwantiragi da yawa ba su da cikakken lamuni, sallama na iya yanke albashi. Yin shaidar zur a kan mutanen da ba a sani ba, don kawai labarin ya yi daɗin ji, ba ƙaramin abu ba ne, kuma nisan Amurka ba ya halatta shi.

Wanda ya fi buƙatar wannan bayani shi ne matashin da ke fatan cin abinci da ƙwallon ƙafa, da iyayensa, domin kukan rashin biyan albashi da sallama ba tare da haƙƙi ba ya daɗe a gasannin Afirka, har da ta Najeriya. Kada a sa hannu a takardar da ba a karanta ba, ko wadda aka ce za a cike gurabenta daga baya. A nemi lauya ko wanda ya san harkar, wanda ba ɗan koren ƙungiyar ba, ya fassara kowane sharaɗi. A tabbata an rubuta tsawon kwantiragi, albashi da ranar biyansa, wanda zai ɗauki kuɗin magani idan an ji rauni, da abin da za a biya idan ƙungiya ta katse yarjejeniya. Alkawarin baki na shugaba ko na ejan ba ya zuwa gaban alƙali. Ɗan wasa ya riƙe kwafinsa mai sa hannun kowa, ya ajiye shaidar banki ta duk abin da aka biya shi, ya shiga ƙungiyar 'yan wasa ya riƙa biyan kuɗinta. Dokar FIFA, tun 2018, ta ba ɗan wasan da aka riƙe wa albashin wata biyu damar rubuta wa ƙungiyarsa takardar gargaɗi ta aƙalla kwana 15. Idan wa'adin ya cika ba a biya ba, yana iya katse kwantiragin ya kuma nemi diyya.