Ƙarfin Rana Da Ruwan Gonarmu

Masanan aikin gona suna da wata kalma, insoleshan, wato yawan hasken rana da ke sauka a kan ƙasa. A nan Kura da Bunkure kowane murabba'in mita yakan sami wajen kilowat-awa 5 zuwa 6 a yini.

Tun bayan gama madatsar Tiga a 1974 muke noman rani da ruwanta, hasken nan kuwa shi ke shanye shi. Da hunturu hazo yakan rage masa ƙarfi, amma a Maris da Afrilu sai ƙasa ta bushe nan da nan.

Don haka, 'yan'uwa, mu shuka alkama a Nuwamba, ta nuna kafin zafi. Mu yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, domin na ƙarshen kanal ma su samu. Allah ya ba mu albarka.