Caja Mai Sauri Ba Ita Ke Kashe Abin Sauraro Ba

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, ɗan ƙaramin abin sauraron nan marar igiya da ake maƙalawa a kunne, wanda samari ke kira bulutut, ya zama kayan aiki. Da shi dillalin albasa ke jin farashin Arewa hannunsa na ƙirgar buhuna, da shi kuma direban babbar mota ke gaisawa da iyali. Tun da kamfanin Apple ya fito da AirPods a 2016, kamfanoni irin su Oraimo suka biyo baya da masu rahusa.

To, amma kukan da ake yawan ji shi ne abin ba ya ƙarko. Mutum ya saya, bayan 'yan watanni ya daina riƙe wuta, ko kuwa kunne ɗaya ya mutu. Daga nan sai a ɗora laifin a kan caja mai sauri ta wayar hannu, har a kai ga sa-in-sa tsakanin mai kaya da yaron da ke sana'ar caji. Ya kamata jama'a su san gaskiyar lamarin, domin a daina asarar kuɗi da zargin wanda bai ji ba bai gani ba.

Ita caja mai sauri ta gaskiya ba ta tura wuta da ƙarfin tsiya. Idan aka jona mata abu, takan fara ne da bolt 5, watau ma'aunin da kowace cajar USB ke bayarwa. Ba za ta ƙara zuwa bolt 9 ko 12 ko 20 ba sai wayar da aka jona ta nemi ƙarin ta cikin igiya. A kan wannan ƙa'ida aka gina tsarin USB Power Delivery na 2012, da Quick Charge na kamfanin Qualcomm da ke Amurka na 2013. Akwatin abin sauraro kuwa ba ya neman ƙari, saboda haka bolt 5 ɗin zai samu, ya ja daidai buƙatarsa.

Har wa yau, saurin ba ya ƙarar da shi da komai. Batirin waya yakan kai mAh 5,000, na akwatin bai cika wuce 500 ba, na kowane kunne kuwa abin da bai fi 30 zuwa 60 ba. Ko an kai butar shayi bakin Kogin Kwara, cikinta kawai za ta ɗauka.

To, ina haɗarin yake? Na farko shi ne jabun caja. Irin wannan ba ta iya daidaita wuta, musamman lokacin da aka dawo da lantarki da ƙarfi, ko janareta ya yi tangal-tangal. Na biyu, igiyar nan mai kai biyu ko uku da ake gani a rumfunan caji. Idan an jona waya a kai ɗaya ta nemi bolt 9, mai yiwuwa ne akwatin da ke ɗaya kan ya sha wannan wuta, kuma akwati mai araha ba lalle ne yana da kariya ba. Na uku shi ne zafi. Batirin lithium ba ya son a yi masa caji a zafin da ya wuce digiri 45, alhali kuwa sau da yawa a rana ake barinsa, ko a ƙarƙashin rufin kwano. Na huɗu, gumi da raɓar da Kudu ta yi suna da su, waɗanda ke sa 'yan ƙarafan cikin akwatin tsatsa har kunne ɗaya ya ƙi karɓar wuta.

A Emeka Offor Plaza ta Anacha, da Garrison ta Fatakwal, da kasuwar Ogbete ta Inugu, mai saye zai tarar da caja iri-iri, masu tsada da masu araha. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin hana jabu shigowa, amma idon mai saye shi ne mai gadi na ƙarshe. Ya duba rubutun jikin cajar, ya tabbata akwai 5V a ciki. Ya kuma karanta takardar da ta zo da abin sauraron, gama wasu kamfanoni sukan hana amfani da caja mai sauri, kuma bin maganarsu ya fi.

Masu sana'ar caji su ma suna da nasu nauyin. Ya dace su ware wa kowane akwati igiyarsa, su cire shi da zarar ya cika, su ajiye shi a inuwa. Wanda ya ji akwatinsa ya yi zafi ko ya kumbura, to, ya cire shi nan take, kada ya sake mai da shi kunne. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, rigakafi kuma ya fi magani.