Injin daddatsa kara na hannu: a duba kafin a saya, a kiyaye jiki wajen aiki

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowa ya san abin da ke faruwa in an zuba wa bisa karan hatsi ko na dawa yadda yake. Sai ta cinye ganye da kan kara mai taushi, ta bar gindi. Sauran ta tattake shi, ta yi fitsari a kai. Ga shi kuwa in bazara ta yi, ciyawa takan ƙare a daji, damin kara ya yi tsada a kasuwa. In an daddatsa kara ƙanana ƙanana, aka yayyafa ruwa, aka gauraya da dusa da ɗan gishiri, bisa takan ci kusan duka. Shi ya sa masu kiwon turka da ƙungiyoyin ƙauye suke neman injin daddatsa kara.

Sabon inji yana da tsada. Don haka mutane da yawa sukan sayi na hannu, wato wanda wani ya riga ya yi aiki da shi. Wannan ba laifi ba ne. Amma tsohon inji yana iya cin kuɗin mutum, yana iya cin yatsunsa. Ga yadda za a kauce wa duka biyun.

Yadda injin yake

A Turai da Amurka ana amfani da irin wannan inji a gida, don daddatsa rassan itacen da aka sassabe a tsakar gida ko a lambu. Mu a nan babban reshe itacen girki ne, ba a ɓata shi. Abin da muke ba inji shi ne kara, da ƙananan rassa, da ƴaƴan gawo da na kalgo. Akwai injunan da ake kawowa daga waje, akwai kuma waɗanda maƙeranmu suke ƙerawa.

Inji yana da sassa 5: bakin da ake tura kara, ƙarfen da ke juyawa a ciki, rariyar da abin da aka daddatsa ke fita ta cikinta, moto mai ba da ƙarfi, da kuruwa, wato igiyar roba mai haɗa moto da ƙarfen juyi. A jikin ƙarfen juyi ne ake ɗaura wuƙaƙe ko ƴan guduma. Mai wuƙaƙe yanka yake yi, ya fi dacewa da ɗanyen reshe. Mai guduma duka yake yi, ya fi dacewa da busasshen kara da ƴaƴan itace. Saboda haka, kafin ka tafi kasuwa, ka san aikin da kake son yi.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Kada ka yi cinikin biri a sama. Tafi da makanike wanda ka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Tafi kuma da damin kara naka.

1. Taɓa moto kafin a tayar. Ya kasance da sanyi. In ka tarar da zafi, wataƙila an riga an tayar da shi ne don a ɓoye wahalar tashinsa.

2. Zaro sandar awon mai. In man moto ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. In akwai ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, moto yana cin kansa.

3. Dubi hayaƙi bayan moto ya yi zafi. Shuɗin hayaƙi yana nufin moto yana ƙona man jikinsa, gyaransa kuma da tsada. Baƙin hayaƙi yakan zo daga matatar iska da ta toshe, ko daga yawan gazuwal da ke shiga. Farin hayaƙin da ba ya tsayawa shi ma alamar ciwo ce.

4. A kashe moto, a buɗe murfi. Dubi wuƙaƙe ko guduma. In sun dakushe, ana iya wasa su ko a sake su. Amma in ƙarfen juyi ya tsage, ko an yi masa walda, bar injin nan. Ƙarfen yana juyawa sau dubbai cikin minti guda. In ya fashe, gutsurensa yana iya kashe mutum.

5. Kama ƙarfen juyi ka girgiza shi sama da ƙasa. Bai kamata ya yi motsi ba. Juya shi da hannu a hankali. In yana gurzawa ko yana ƙara, mazauninsa ya ci.

6. Dubi kuruwa ko ta tsattsage. Dubi ko murfin da ke rufe ta yana nan. Dubi ko abin kashe moto yana aiki.

7. Sa a yi aiki da karan da ka kawo, kamar minti 15. In inji yana rawa da yawa, ko moto yana neman mutuwa in an tura kara, akwai matsala.

8. Tambayi makanike: ana samun kayan gyaran wannan inji a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai? Injin da ba a samun wuƙarsa ko rariyarsa, ranar da ya lalace ya zama kayan bola.

In injin na lantarki ne, a lura. Wutar ƙasarmu bolt 220 ce. Injin da aka yi don gidajen Amurka, galibi na bolt 120 ne. In an sa shi a wutarmu, zai ƙone. Kuma ƙananan injunan lantarki na tsakar gida ba su cika cin reshen da ya wuce kaurin santimita 4 ba, kuma ba a yi su don aikin wuni guda ba.

Daga nan sai lissafi. Rubuta kuɗin inji. Ƙara kuɗin gyaran da makanike ya faɗa, da kuɗin ɗauko shi zuwa gida. In jimla ta yi kusa da kuɗin sabo, to sabo ya fi. Sayen nagari, mai da kuɗi gida. In ciniki ya faɗa, a rubuta takarda: sunan mai sayarwa, sunan mai saye, lambar moto, kuɗi, da rana, gaban shaidu 2. Wannan takarda ita ce za ta fid da kai in wata rana aka ce injin na sata ne.

Kiyaye lafiya wajen aiki

Inji bai san bambancin kara da yatsa ba. Kuma ya fi mutum sauri: kafin ka ja hannu, ya riga ya ja ka.

Kada ka sa hannu cikin bakin inji. In guntun kara ya rage, tura shi da wani dogon kara. Kada ka tura da ƙarfe.

In inji ya toshe, kashe moto. Jira har ƙarfen juyi ya tsaya cik, don yakan ci gaba da juyawa bayan an kashe moto. In na isansi ne, cire wayar buji. In na lantarki ne, zare waya daga wuta. Sannan ka buɗe.

Kada ka yi aiki da babbar riga, ko rawani mai jela, ko riga mai faɗin hannu. Mace ta ɗaure zane da kallabi tamau, ta ajiye mayafi. Kuruwa in ta kama bakin tufa, da mai tufar za ta tafi.

Kakkaɓe kara kafin ka tura. Cire dutse, da waya, da ƙusa, da igiya, da leda. Dutse yana fasa wuƙa, ya fito kamar harsashi. Guntun waya kuwa in ya shiga abinci, saniya ta haɗiye, yana iya huda mata ciki.

Tsaya a gefen bakin inji, ba a gabansa ba. Sa tabarau. Rufe hanci da baki saboda ƙura, musamman in kana da tari ko asma. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai ya ji, to ƙarar tana iya kashe kunne sannu a hankali. Sai a toshe kunnuwa.

Kada a tayar da moto cikin ɗaki a rufe. Hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kisa. Kada a zuba mai sai moto ya huce, kuma a nisanta shi daga tarin kara da rumbu, saboda gobara.

Yara su yi nisa. Kada a ba yaro aikin tura kara. Kuma kada mutum ya yi aiki shi kaɗai: a samu na biyu wanda ya san yadda ake kashe moto.

In tsautsayi ya faru

A kashe inji. A danne rauni da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a tafi gidan likita nan da nan. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko man moto a kan rauni, don ta nan ciwon tetanos yake shiga. A tambayi likita allurar rigakafinsa. In yatsa ya gutsure, a naɗe shi cikin tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa cikin leda a ƙulle, a ɗora ledar cikin ruwan sanyi, a tafi da shi.

Kula da inji

Kowace safiya a duba man moto, a ƙara ɗaure kusoshi. Kowace yamma a kakkaɓe matatar iska, don ƙurar kara tana toshe ta da sauri. A canja man moto a kan lokaci. Ƙananan motoci galibi bayan awa 50 zuwa 100 na aiki. In za a sake guduma, a sake su gaba ɗaya, nauyinsu ɗaya, in ba haka ba inji zai yi rawa. A ajiye littafi, a rubuta awoyin aiki, da man da aka sha, da kuɗin da suka shigo. In injin ƙungiya ne, a ware kuɗin gyara tun daga ranar farko.

Kada a kwashe gona ƙaf

Samun inji yana iya sa mutum ya kwashe karan gonarsa duka. Wannan kuskure ne. Masu binciken noma na Sadore, kudu da Yamai, sun gwada sun gani: karan da aka bari shimfiɗe a gona yana hana iska kwashe ƙasa, yana kuma ƙara amfanin hatsi. Saboda haka a raba: wani na bisashe, wani na gona. Kashin bisashen kuma a mai da shi gona.

Ƙananan rassan sabara da kalgo da ake samu wajen sassaben zamani, in an daddatsa su, ana shimfiɗa su a gindin itatuwa da cikin lambu, su riƙe danshi. A bar su a bisa ƙasa, kada a binne su ɗanye, don sukan janye abincin shuka kafin su ruɓe. In an zuba su ramin taki tare da kashin dabbobi, ana ba su ruwa, sun fi dogon kara saurin ruɓewa. Amma kada a sare itace don a ciyar da inji. Gawo yana cikin itatuwan da doka ta kare. A tambayi malaman daji kafin a taɓa shi.

Inji abokin aiki ne ga wanda ya duba shi kafin ya saya, ya kuma bi dokokinsa. In kuɗin mutum ɗaya ba su kai na kirki ba, gara a haɗa kai a sayi mai kyau guda, da kowa ya sayi rubaɓɓe. Duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa, musamman wanda zai tsaya a bakin inji.