Jinyar Tsofaffi A Gida: Me Doka Ta Ce?

Jihar Agadas ta fi rabin ƙasar Nijar faɗi. Babban asibitin jiha yana cikin birnin Agadas. Daga Arlit zuwa can, tafiyar kilomita kusan 240 ce. Hanyar Timiya duwatsu ne, ta Bilma kuwa rairayi. Idan tsoho ya kwanta ciwo a ruga ko a garka, wahalar hanya kaɗai tana iya ƙarasa shi. Shi ya sa wasu iyalai suke barinsa ɗaki har ciwo ya ci ƙarfinsa.

Waɗansu ƙasashe sun sami dabara. Maimakon a ɗauki tsoho zuwa asibiti, sai asibiti ya je gidan tsoho. A Faransa, dokar ran 31 ga Disamba 1970 ta yarda da kwantar da majinyaci a gidansa. Likita ne yake ba da izni. Malaman jinya suna zuwa, su yi allura, su sa ƙarin ruwa, su wanke miki, kamar yana gadon asibiti.

A Amurka ma, a watan Nuwamba 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta buɗe wannan hanya cikin tsarinta na biyan kuɗin maganin masu shekara 65 zuwa sama. Amma da sharaɗi: ma'aikatan jinya su leƙa majinyaci sau 2 kowace rana, likita kuma ya duba shi kullum, ido da ido ko ta waya mai hoto. A 2022 majalisar ƙasar ta ƙara wa tsarin wa'adi.

Ke nan jinyar gida ba ita ce a shimfiɗa wa tsoho tabarma a jira ikon Allah ba. Aiki ne na likita, mai ƙa'ida. Sai da mota, da magani, da ma'aikata.

A Nijar an daɗe ana ƙoƙarin kai magani kusa da talaka. Tun shekarun 1970 akwai ungozomai da masu agajin farko a ƙauyuka. Daga 2001 aka gina ƙananan ɗakunan shan magani fiye da 2,000. Kowace shekara, a bikin lasar gishiri na Ingal, ma'aikatan lafiya suna iske makiyaya, su duba mutane da dabbobi. A 2006 gwamnati ta sa maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma tsofaffi ba su shiga ciki ba. Senegal kuwa, a wannan shekara, ta sa masu shekara 60 zuwa sama cikin magani kyauta. A 2024 hukumomin Yamai suka rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati.

Harsashi dai yana nan. Tsarin da zai kai likita ƙofar tsoho zai fi amfani a Agadas, inda nisa yake hana mutane magani.

Kafin nan, nauyi yana wuyan iyali. A kai tsoho awon hawan jini da ciwon sukari tun yana kan ƙafafunsa. Kada ya daina shan magani don ya ji sauƙi. In ɓarin jikinsa ya mutu, ko numfashi ya gagara, ko hankalinsa ya gushe, wannan ba jinyar gida ba ce. A nemi mota nan da nan, kada a jira wayewar gari.